Damin da Na Mayar

Mahaifina bai bar min kuɗi ba, bai bar min shanu ba. Gona ya bar min, guda ɗaya, a bayan ƙauyenmu da ke kusa da Bagudo. Amma fa gona ce. Kanta yana kan tudu, inda dawa da gero ke yi, gindinta ya gangara har fadama, inda ruwan Kwara ke kwanciya da damina ya janye da kaka. Shinkafa da damina, albasa da rani. Duk wanda ya san noma, in ya wuce ta sai ya waiwaya. Ni da na gaje ta ban san abin da na gada ba, don a lokacin ina malamin firamare, biro biyu a aljihun gaba, ina ganin na fi ƙarfin fartanya.

Shekara biyu da rasuwar mahaifina aka sauya min wurin aiki zuwa wata makaranta can wajen Lolo, dab da iyakar Benin. Mai ɗakina tana da cikin ɗanmu na uku. Ba ta so tafiyar ba, ta kuma faɗa. Ni kuwa na yi alwala, na yi raka'a biyu, na yi istihara da kaina, ban kai wa kowane malami ya yi min ba. Na roƙi Allah in tafiyar nan alheri ce ya sauƙaƙa ta, in ba alheri ba ce ya kawar da ita. Na tashi raina fes. Na ce mata ta ɗaure kaya, Allah ya zaɓa mana.

Sai maganar gona. Daga Lolo ba zan iya nomanta ba, a bar ta kuma saura ta zama daji. Ina da ɗan baffa, ƙane a gare ni da shekara biyu, tare muka tashi a gida ɗaya, kwano ɗaya. 'Ya'yansa shida, gonarsa kuwa ko ta isa a shanya tabarma uku ban sani ba. Na kira shi gaban maigari da dattawa biyu, na ba shi aron gonar.

A wajenmu aron gona yana da ƙa'idarsa, kowa ya san ta, ba a rubuta ta. Wanda aka ara wa ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya. Sannan duk kaka zai ɗaure dami ɗaya na abin da ya noma ya kai wa mai gona. Damin nan ba don ciki ake kai shi ba, dami ɗaya me zai yi wa gida? Don idon mutane ake kai shi. Shi ya sa ba a kai shi a ɓoye, ba a aika shi cikin buhu. Da rana tsaka ake ɗaukarsa, a bi ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, ta gaban masu zaman inuwa, kowa ya gani ya ce wane zai kai damin gonar wane. Muddin damin yana tafiya, gona tana da mai ita, ko yana Makka. Maigari ya maimaita wannan a gabanmu, ɗan baffana ya ce ya ji ya yarda, aka yi fatiha.

Muka tare a Lolo, a ɗaki biyu na haya bayan kasuwa. Mai ɗakina ta haihu a can. Aiki ya kankama, na saba da wurin, har na soma tsintar Dandanci a bakin iyayen yara, na haɗa da ɗan wanda na ji a wurin kakata.

Kaka ta yi. Wata ranar Talata, lokacin hutun tara, muna zaune mu malamai biyar a gindin dalbejiya muna cin ƙosai, sai ga babur ya shigo filin makaranta yana tari. Ɗan baffana ne, ya ɗauro damin dawa a baya, ƙato, kawunan suna ta rawa. Tun daga ƙauyenmu ya taho da shi, ya biya kuɗin mai, ya sha rana. Rigarsa ta yage a hammata. Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ga damin gona.

Abokan aikina suka samu abin yi. Wannan ya ce ashe Malam sarauta gare shi ba mu sani ba, har talakawa na kawo gaisuwa. Wancan ya ce a'a, zakka ce aka kawo wa mabuƙaci, albashin ne bai isa ba. Suka yi ta dariya. Wasa ne, na san wasa ne, amma kunnuwana suka yi zafi. Na dubi yagaggiyar rigar, na tuna 'ya'yansa shida, na dubi takalmina mai sheƙi. Har yau in aka tambaye ni tausayi ne ya motsa ni ko girman kai, sai in ce duka biyun, kuma girman kan ya fi yawa.

Na ce masa, da ƙarfi don su ji: "Haba, ni da kai har sai an kawo dami? Koma da shi ka ba yara. Kada ka ƙara wahalar da kanka."

Ya ce, "Yaya, ai ƙa'ida ce."

Na ce ƙa'ida ta bare ce, mu jini ɗaya ne. Na ƙara masa da kuɗin mai. Ya yi ta godiya, ya hau babur ya juya, damin yana bayansa yadda ya zo. Abokan aikina suka ce kai, Malam mutumin kirki ne. Na ji daɗin wannan kalma ƙwarai. Ita ce kalma mafi tsada da na taɓa saye.

Da na koma gida na ba mai ɗakina labari ina murmushi, ina jiran yabo. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ita 'yar manoma ce gaba da baya, ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba. Ta tambaye ni ta wace hanya zai shiga gari da damin. Na ce hanyar da ya fito mana, akwai wata? Ta ce to yanzu duk wanda ya gan shi ya fita da dami zai gan shi ya dawo da shi, kuma in dami ya je ya dawo, kowa ya san ma'anarsa: mai gona ya ce na bar maka. Ta ce in nemi babur in bi shi yanzu-yanzu in karɓo, ko kaji zan zuba wa.

Na yi mata dariya. Na ce wannan tunanin mutanen da ne, ga maigari ga dattawa sun shaida aro ne. Na ce wanda ya kawo mu nan shi zai tsare mana abin da muka baro. Ta ce Allah ya tsare, amma ba Allah ne ya mayar da damin ba, ni ne. Na ce ta kiyayi bakinta. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Kaka ta biyu dami bai zo ba. Ban tambaya ba, ai ni na ce kada ya zo.

Shekara huɗu na yi a makarantar nan. Yara suka ƙaru, albashi ya tsaya inda yake, kafin wata ya raba mun fara kallon juna. Akwai wani Alhaji, Badande, mai fataucin albasa da shinkafa a ƙetaren iyaka, 'ya'yan ƙanensa biyu suna ajina. Ya ga ina jin Turanci, ina jin Hausa, Dandancina kuma ya nuna. Ya ce in zo in riƙa raka masa kaya, in yi magana da direbobi da masu kaki a hanya, abin da zai ba ni a wata ya ninka albashina. Sharaɗinsa ɗaya, in tare a garinsu, can cikin Benin.

Na sake yin istihara. Na sake tashi raina fes. Na rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan nawa da ake yabo. Mai ɗakina ta ce aikin gwamnati ko ba ya ƙosarwa ba ya korar mutum da rana tsaka. Na ce arziki ba a ofis yake ba, a hannun Allah yake. Ta ce haka ne. Duk lokacin da na kawo sunan Allah sai ta ce haka ne ta yi shiru, ni kuma in ɗauka na yi nasara. Ban gane ba sai daga baya cewa rufe mata baki kawai nake yi da abin da ba ta isa ta musa ba.

Muka loda tabarmi da tukwane a kwale-kwale muka haye. Babbar 'yata, da take aji biyar, aka mayar da ita aji biyu saboda ba ta jin Faransanci. Ta yi sati tana kuka, tana zaune cikin yaran da ba su kai kafaɗarta ba. Mai ɗakina ta koyi ciniki da sefa, ta koyi zagi da Dandanci kafin ta koyi gaisuwa. Ba zan yi wa Allah butulci ba, mun ji daɗi a garin nan. Mun ci nama, na ɗinka wa kowa, na sayi babur sabo dal. Ina tafe da manyan motoci ina sauka ina hawa, ana ce min tafintan Alhaji. Na ce wa kaina ga amsar istihara nan ƙiri-ƙiri.

A cikin shekarun nan na je ƙauyenmu sau uku ko huɗu, ta'aziyya ko suna. A zuwa na biyu na zaga gona. A kan tudu na ga ƙananan mangwaro guda tara, an kewaye kowanne da ƙaya kada awaki su ci. Na tsaya ina kallonsu, tsawonsu bai wuce gwiwata ba, da hannu ɗaya zan tumɓuke su. Amma a ranar ɗan baffana ya yanka min zakara, matarsa ta yi min tuwon shinkafa, 'ya'yansa suna ta Baba sannu, Baba sannu. Ta yaya mutum zai ci zakaran ɗan'uwansa ya tashi ya tumɓuke masa itace? Na ci, na wanke hannu, na yi shiru. A zuwa na gaba na tarar da rijiyar noman rani a fadama, da injin ban-ruwa yana ta ɓaɓatu. Na ce masa aiki ya yi kyau. Wallahi haka na ce masa.

Mai ɗakina, da na gaya mata, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce in dai ban je na cire itacen nan ba, in daina ba ta labarin gonar, don ba ta son labarin kayan mutane.

Sai aka rufe iyaka. Da farko muka ce kwana biyu ne. Motoci suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, albasa ta ruɓe a cikin buhuna, warin ya cika gari, ƙudaje suka yi biki. Alhaji ya yi haƙuri da ni wata uku, sannan ya kira ni ya ce ba shi da abin da zan fassara masa. Bai ci mutuncina ba, shi ma ta kansa yake yi.

Na koma kabu-kabu da babur ɗina, ina ɗaukar mutane ta hanyoyin daji. Ni da nake tsayawa gaban allo, na koma ina kiran fasinja tare da mutanen da na koya wa 'ya'yansu baƙi. Ban daɗe ba na faɗi a wani kwazazzabo da wata mata da buhun gari a baya. Ita ba ta ji komai ba, ni gwiwata ta tafi. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma har yau ƙafar ba ta lanƙwashewa sosai, a zaune nake yin tahiya da ita a miƙe. Aka sayar da babur aka ci.

Karo na uku na yi istihara a kan komawa gida. Wannan karon ban ji komai ba, ba sanyi ba zafi. Amma ba wani zaɓi a gabana, don haka na ce shirun ma amsa ce. Abin da ya riƙe ni shi ne gonar. Na ce wa yara kada su damu, muna da ƙasa, ƙasar da in muka nome ta da kyau ba za mu sayi ƙwayar hatsi ba. Na yi ta ba su labarin fadamar a cikin kwale-kwale. Mai ɗakina tana kallon ruwa.

Shekara goma sha ɗaya da fitarmu muka dawo gidan mahaifina. Ɗaki ɗaya ya rufta, ɗayan jemagu sun gaje shi. Ɗan baffana ya zo da kansa ya taya mu gyara, ya kawo buhun shinkafa. Ya yi ƙiba, ya yi rufin kwano, yana shirin zuwa Makka. Na bari muka kwana bakwai, sannan na same shi a ƙofar gidansa na ce masa bana zan karɓi gonata, ya cire abin da ya shuka in kaka ta yi.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Yaya, wace gona? Wadda ka bar min?"

Ban san lokacin da na miƙe ba, da gurguwar ƙafar tawa. Na faɗi maganganu a ƙofar gidan nan waɗanda ba zan rubuta su ba. Shi kuwa ko muryarsa bai ɗaga ba, sai haƙuri yake ba ni, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Muka je gaban maigari. Maigarin da ya shaida aron ya rasu, ɗansa ke kai. Cikin dattawa biyu ɗaya ya rasu, ɗayan ya makance, aka riƙo hannunsa aka kawo shi. Na ji sanyi da na gan shi, don mutum ne da ba ya ƙarya. Bai kuwa yi ƙarya ba. Ya ce tabbas aro ne, a gabansa aka yi. Ya ce amma a lokacin yana da idonsa, kuma yana zaune a gaban masallaci ranar da dami ya fita da safe, yana nan zaune ya dawo da la'asar. Ya ce ya tambayi mai babur, ya ce masa Yaya ya ce kada in ƙara kawowa. Mutum biyar suka tashi suka ce su ma sun gani.

Maigari ya tambaye ni ko na mayar da damin. Na ce na mayar, amma tausayi ne. Ya tambaye ni ko na ga itacen. Na ce na gani. Ya ce na yi magana? Na ce ban yi ba. Rijiya fa? Na ce na gani. Ya buɗe hannuwansa ya ce to Malam, mi kake so in yi? Dami ya dawo, itace ya yi 'ya'ya, rijiya ta shekara biyar, duk a kan idonka. Ya ce a ƙa'idar garin nan wannan kyauta ce, kuma ba shi ya kafa ƙa'idar ba.

Don a sasanta, ɗan baffana ya ce zai ara min wani yanki a kan tudu, can gefen da tsakuwa ta fi yawa, in riƙa noma abin da za mu ci. Wani daga baya ya ce, da dami ko ba dami? Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce ya riƙe tsakuwarsa. Na fita ban yi sallama ba.

Na yi niyyar kai ƙara gaban alƙali a Bagudo. Dangi suka taru a kaina, gwaggonnina suna kuka, wai zan tona asirin gida, wai jikokin mutum ɗaya a kotu. Liman ya ce in yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta naka ne ba ya wuce ka. Shaidun da zan kai kuma su ne waɗannan da suka ga dami ya dawo. Na lissafa, na ga ko na je kunya zan ƙaro. Na zauna.

Abin da ya fi ci min rai a watannin nan shi ne haka Allah ya so. Kowa ya gan ni sai ya ce haka Allah ya so. Wanda ya fi kowa faɗinta shi ne ɗan baffana, yana faɗi yana girgiza kai, da carbi a hannu. Na tsani jin kalmar a bakinsa, kuma na fi tsanarta don na san a bakina ya koye ta. Ni na shekara goma sha ɗaya ina jingina wa Allah duk abin da na ƙi yi da hannuna. Ban taɓa cewa Allah ya ɓatar da ni ba, har gobe ba zan ce ba. Na tambaye shi in tafi, na tafi, ya ciyar da ni a can, ya dawo da ni da raina da 'ya'yana. Amma ban taɓa yin istihara a kan damin nan ba. Wannan ni kaɗai na yanke, a gindin dalbejiya, da ƙosai a hannu, don mutum huɗu su ce ni mutumin kirki ne. Sanin haka bai rage min ɗaci ba ko kaɗan. Da ma a ce akwai wanda zan zarga ban da ni, da na fi samun barci.

Na samu koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi a Bagudo, abin da ake ba ni ba ya kai mu tsakiyar wata. Mai ɗakina ta kama sana'ar turara shinkafa, tana sayen shanshera, wadda ba a casa ba, a kasuwa, ta dafa, ta shanya, ta kai inji, ta sayar mudu-mudu. Hannuwanta duk sun ƙone. Ba ta taɓa ce min ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da na samu abin yin faɗa a kai. Ni da ɗan baffana kuwa sai a masallaci, in ya tsaya a dama in koma hagu.

Shekara uku muna haka, sai aka yi ambaliyar da ta fi kowace a sanina. Ruwa ya kwanta a fadama wata biyu. Da ya janye, ya tafi da duk jemar da aka shuka a kan iyakokin gonaki, wannan ciyawa mai tushe da muke raba gona da gona da ita. Fadama ta zama shimfiɗa ɗaya, ba ka sanin ta wane daga ta wane. Maƙwabcin gonar ta gabas ya rasu, 'ya'yansa samari ne masu zafin kai. Suka riga kowa shiga, suka ja kunyar albasa har cikin gonar mahaifina, suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na fadamar, wajen da ya fi kowane kyau. Ɗan baffana ya yi magana, suka ce ya nuna iyaka. Ba shi da abin nunawa.

Wata safiya ina shirin tafiya makaranta aka yi sallama. Na fito na ga ɗan baffana a durƙushe a ƙofar gida, Alhaji guda, da hularsa a hannu. Ya ce ya ji tun da daɗewa cewa Baba ya binne duwatsu a kusurwoyin gonar, amma bai san inda suke ba. Gaskiya ne. Shekarar da na gama makarantar horon malamai aka yi irin wannan rigima, mahaifina ya fasa wani tsohon dutsen niƙa gida huɗu, ni na ɗauka masa, muka binne su zurfin kamu biyu, ya nuna min yadda zan auna daga giginyar bakin fadama. Duk duniya ba wanda ya sani sai ni.

"Yaya, in ba ka zo ba sun cinye ta," in ji shi.

Na ce masa ya tafi zan yi tunani. Na koma ciki, raina rabi fushi rabi wani mugun daɗi. Ga shi yau Allah ya kawo shi ƙofata. In na yi shiru, ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Mai ɗakina ta ji komai daga bakin murhu. Ta ce kada in je. Ta ce in ma zan je, in ce sai ya raba fadamar biyu ya ba ni rabi, a gaban maigari, kafin in taka ko'ina. Shawara ce mai kyau, irin wadda take bayarwa kullum.

Na kwana biyu ina juya ta. Na ɗauki buta zan yi istihara, na ajiye. Me zan tambaya? Ko in ɓoye shaidar da na sani, ko in sayar da ita? Na san amsar tun ban tambaya ba, kuma na ji haushin sanin. Ga shi kuma duk lokacin da na rufe ido sai in ga samarin nan suna dasa albasa a inda mahaifina ya ƙare ƙarfinsa. Ko a hannun wa take, ban iya jure a yanke ta ba.

Ranar Asabar da hantsi na tafi, ban gaya mata ba, amma ta ga na ɗauki sanda. Maigari yana can da mutane sun fi talatin. Rabona da taka gonar tun ranar shari'a. Mangwaron sun yi rassa har sun haɗe. Na wuce su ban ɗaga kai ba, na gangara fadama ina jan ƙafa, laka tana kama min takalmi har na cire shi na riƙe a hannu. Na sa bayana a jikin giginya, na fuskanci gabas, na ƙirga taki yadda aka koya min, na ƙara kaɗan saboda takina ya gajarce. Na wuce kunyoyin samarin ɗaya bayan ɗaya, suna ta gunaguni. Na tsaya na kafa sanda na ce a haƙa.

Aka haƙa, ba komai. Samarin suka soma dariya. Na ce a matsa kamu ɗaya hagu. Da rami ya yi zurfi, fartanya ta bugi dutse ta yi ƙara. Aka zaro shi, aka wanke da ruwan kwari, ga gefen dutsen niƙa da santsinsa. Na nuna na biyu a kusurwar arewa, shi ko wahala bai bayar ba. Aka ja igiya tsakaninsu.

Maigari ya ce a yi abin a gama shi yadda ba za a sake tayarwa ba. Ya sa malaminsa ya fito da takarda. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ne shaida. Faɗa wa jama'a da bakinka, wannan iyakar gonar wa ce?"

Na ce, "Ta mahaifina ce, ranka shi daɗe."

Malamin ya ɗaga biro yana jira.

Maigari ya ce, "Allah ya jiƙansa. Yanzu fa?"

Na dubi ɗan baffana. Kansa yana ƙasa. Na jira ko zai ce wani abu, ko kalma ɗaya, na ba shi lokaci har mutane suka soma gyaran murya. Bai ce ba. Na faɗi sunansa. Aka rubuta, aka miƙo min na sa hannu a ƙasa, da kyakkyawan rubutun nan nawa. Aka yi fatiha. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na dawo gida da azahar, takalmi a hannu. Mai ɗakina tana tsakar gida tana juya shinkafa a kan tabarma. Ba ta juyo ba.

Ta ce, "An samu dutsen?"

Na ce an samu.

"Ya ba ka wani abu?"

Na ce ban tambaya ba.

Ta ci gaba da juya shinkafarta. Can ta tura min buta da ƙafa, ta ce, "Wanke ƙafarka kafin ka shigo min ɗaki, Malam. Lakar nan ba tamu ba ce."